Casa'in da Ɗaya

Duk wanda ya leƙo farfajiyar makarantar a safiyar nan zai ɗauka wani ƙaton tsuntsu ne ya wuce yana kashi a kan siminti, amma tsuntsu mai tsari. Fararen ɗige-ɗige ne, zobe a cikin zobe, kuma a tsakiyarsu ga wani mai furfura a gemu ya durƙusa da alli a hannu, gwiwoyin sabon wandonsa sun yi fari fat.

Malamin lissafin makarantar ne. A gida Yaya Malam ake ce masa, don shi ne babba a cikin 'ya'yan Inna su bakwai, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Likita ne ya jawo wannan aiki. Ya duba idon Inna, ya ce hasken yana tafiya kuma ba mai dawowa ba ne. Da aka gaya mata ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: hoto guda, babba, da zuri'arta duka a ciki, tun tana iya bambanta fuska da fuska. Tara su kuwa sai da aka sha wuya. An yi waya, an yi lallashi, an sasanta waɗanda ba sa ga maciji da juna. Waɗansu daga nesa suka taso, kuma a ranar za su koma. In an watse yau, sai dai Inna ta ji labarin hoto a bakin mutane.

Yaya Malam ne ya ƙirga kawuna tun kafin ranar. Inna, 'ya'ya, surukai, jikoki, tattaɓa-kunne. Da jimla ta fito sai ya miƙe zumbur daga kujera, har matarsa ta ɗauka kunama ce ta harbe shi.

"Kin san mece ce casa'in da ɗaya?"

"Yawan bakunan da zan dafa wa abinci."

"Maƙaryaciyar lamba ce," ya ce, da irin muryar da wasu mazan ke yabon mota. "Ki dube ta. Biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, biyar ba ta raba ta. Sai ta yi miki fuskar lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Kowace shekara da ita nake kama ɗalibai. Alhali bakwai ce sau goma sha uku! Ki tara daga ɗaya har zuwa goma sha uku, ita za ki samu. Ki jera lemo talatin da shida a ƙasa, ki ɗora ashirin da biyar, sha shida, tara, huɗu, ɗaya a ƙoli, ita ce dai. Sannan..."

"Malam, tukunyata tana kan wuta."

Bai samu ya faɗa mata na ƙarshen ba, wanda shi ne ya fi so. In aka sa abu ɗaya a tsakiya, aka zagaye shi da shida, sannan sha biyu, sha takwas, ashirin da huɗu, talatin, sai a sami siffa mai kusurwa shida cif, kamar ɗakin saƙar zuma, kuma jimlarta casa'in da ɗaya. Inna a tsakiya, zuri'arta zobe-zobe kewaye da ita, mai hoto a saman bene yana ɗauka daga sama. Shekarunsa na koyarwa kaf bai taɓa ganin rayuwa ta yi wa lissafi biyayya haka ba. Abin da bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne ko danginsa sun san an yi wannan yarjejeniya.

Mai hoto ne ya fara isowa, wani siririn mutum da jaka a kafaɗa. Ya dubi ɗige-ɗigen, ya dubi bene, sannan ya dubi faffaɗar matakalar babban ɗakin taro, wadda ke cikin inuwa.

"Ranka ya daɗe, ga matakala can, ai mun huta. Ni kuma ina da wani aikin bayan wannan, ana jirana."

"Na auna ta," in ji Malam. "Hawa tara ce, kowane hawa mutum goma. Tara sau goma casa'in. Ragowa ɗaya."

"Sai a sa wa tsohuwa kujera a gaba."

"Wato uwata ce ragowar?"

"A'a, ni ban ce..."

"Shekara da shekaru ina gaya wa yara ragowa alama ce ta aikin da bai kammalu ba. Yau kuma in ɗauki mahaifiyata in ajiye ta a gefe kamar ƙwayar da ta faɗo daga mudu? Hau bene."

Mai hoto ya hau bene.

Can sai ga motoci. Farfajiya ta cika da gaishe-gaishe da kukan jarirai da ƙamshin turare iri goma da ba su jitu ba. Auta ce ta fito da Inna daga mota, tana riƙe da gwiwar hannunta. Ta haura arba'in amma har yanzu Auta ake kiranta, kuma a gidanta Inna ke zaune. Ita ke ɗiga mata maganin ido safe da yamma, ita ke shan faɗan da sauran shidan suka tsere wa. Aka ajiye kujera a kan ɗigon tsakiya, Inna ta zauna, ta gyara tabarau.

"Zobe na farko!" Malam ya daka tsawa kamar yana gaban aji. Ya nuna wa ƙannensa wurarensu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a nasa, a daman Inna. Auta ta rage a tsaye.

"Ni fa?"

"Ke zobe na biyu. Ga ɗigonki can, mai kyau ne, yana kallon gabas."

"Zobe na me?"

"Na farko mutum shida yake ɗauka, mu kuma bakwai ne. Dole ɗaya ya matsa. Ke kika zo a ƙarshe."

"Da dare in ta kira, wa ke zuwa da farko?"

Ƙanensa mai bi masa, direban bas ne mai tumbi da sanƙo, ya sa baki. "Yaya, ka ƙara ɗigo ɗaya mana. Alli ne ya ƙare?"

"Ba a ƙara wa mai kusurwa shida kusurwa."

"Ni a motata kujerar mutum uku biyar nake zaunarwa, kuma ba wanda ya taɓa faɗowa."

"Shi ya sa ba na shiga motarka."

"To kai ka koma na biyun mana," in ji Auta.

Malam ya yi ƙifi-ƙifi da ido. Ya juya wannan tsari a kansa ta kowace fuska, ya matsar da kowa ya dawo da shi, amma wannan hanyar ba ta taɓa zo masa ba. "Ni ne babba," ya ce.

Auta ta dube shi daga hula har takalmi. Ta koma zobe na biyu, ta tsaya a kan ɗigon kamar mai taka kyankyaso.

Sauran zobunan suka zo da nasu ciwon kai. Malam ya ba kowane rai ɗigo guda, ya manta cewa akwai rayukan da ba su fara tsayuwa ba. Jarirai na hannun iyayensu, ɗigoginsu kuma sun zauna wayam kamar giɓin haƙori.

"A kwantar da su a kan nasu," ya ce. "Na ɗan lokaci ne."

"A kan simintin nan mai zafi, Baba?" in ji matar ɗansa. "Ƙwai ne su?"

Kafin a gama wannan, yara sun gano cewa ɗige-ɗigen sun dace da wasan tsalle, kusurwa guda ta goge ƙarƙashin takalmansu. Wata gwaggo ta ƙi tsayawa kusa da wata gwaggo. Wani suruki ya fita amsa waya, ya dawo ya tarar an cinye masa wuri. Malam na zagayawa da alli yana sake ɗigawa, gumi na bin bayan kunnensa, yana ƙirgawa da ƙarfi, kowane zagaye da jimla daban.

Daga sama mai hoto ya leƙo. "Ranka ya daɗe, ba na ganin fuska ko ɗaya! Huluna da ɗankwalaye kawai, sai sanƙon wani bawan Allah da ke kashe min ido."

"Nawa ne, ka ɗauke shi da kyau!" in ji Direba.

"Kowa ya ɗaga kai sama!" in ji Malam.

Kowa ya ɗaga. Inna ma ta ɗaga, don ba ta saba gardama a gaban baƙi ba. Rana ta faɗa cikin tabaranta kai tsaye. Ta runtse ido, hawaye suka zubo, hannunta ya tashi yana lalube a iska. Auta ta ratsa zobe na farko kamar ba a taɓa zana shi ba, ta ture kafaɗar Malam, ta buɗe mayafinta ta yi wa Inna rumfa.

Nan saƙar zuma ta mutu.

Mutum mai hankali da a nan ya nufi matakala. Amma Malam na da sauran harsashi, kuma abin da ya fi wuya ga mai ilimi shi ne ya koma gida da ilimin da bai kashe ba.

"Alwatika!" ya ce. "Mai hoto, sauko! Inna ita kaɗai a gaba, biyu a bayanta, sannan uku, har layi goma sha uku."

"Su wa biyun?" Baki shida ne suka tambaya lokaci guda.

Ya bar alwatika.

"To, bakwai sau goma sha uku. Mu bakwai ne, ko ba haka ba? Kun ga ikon Allah. Kowa ya ja layin gidansa, mutum goma sha uku-uku. Inna tana gaban layina, a tsakiya. Babu na farko, babu na biyu, kowa daidai."

Wannan kam ta yi kama da adalci, har aka fara motsi da ɗan kuzari. Aka ja kujerar Inna. Kowane ɗa ya tsaya, iyalinsa suka bi bayansa. Sai dai Allah bai raba haihuwa da ma'aunin Malam ba. Layin Direba ya miƙe ya wuce bishiya, ya lanƙwasa ya nufi famfo. Na wasu ya tsaya rabi. A can ƙarshe kuma ga Auta, ga mijinta a bayanta, wani tela mai sanyin hali. Bayansa sai siminti.

Malam na tafe yana nuni da alli, idonsa a kan tsawon layuka, bakinsa na aiki shi kaɗai.

"Nan a rage huɗu. Nan a ƙara biyu. Layin Auta saura goma sha ɗaya. Direba, kai naka sun yi yawa, a ɗebo a ba ta aro, tunda ita ba ta da ko ɗaya."

Direba ya sunkuyar da sanƙonsa. Matar Malam ta rufe fuska da tafin hannu.

Auta ta ninke mayafinta, ta saɓa a kafaɗa, ta juya ta nufi bakin ƙofa inda aka ajiye motoci. Tela ya bi ta.

Kuma ga abin kunya: abu na farko da ya faɗo wa Malam a rai shi ne, biyu sun fita, saura tamanin da tara. Ita kam ba maƙaryaciya ba ce, da gaske ba ta rabuwa da komai sai ɗaya da kanta. Sai da wannan ya gama wucewa ta kansa tukuna kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Mai hoto ya riga ya zuge jakarsa. "Ranka ya daɗe, mutane na jirana tun ɗazu. In kun gama jarrabawar, ku neme ni wata rana." Ya hau babur ɗinsa, ya bar musu hayaƙi.

Masu nisa suka fara duban agogo. Wani ya ce a yi haƙuri, hanya ba kyau, gara a kama ta da haske. Layuka suka fara narkewa.

"Kai, mai alli," in ji Inna. "Zo nan."

Ya zo ya durƙusa a gabanta, wandon dai ya riga ya lalace.

"Da na iso ina gane fuskar mutum daga nan har bishiyar can. Yanzu da ka shanya ni kamar wanki, inuwoyi nake gani." Ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "Ni hoto na ce. Ban ce a shigar da ni makaranta ba da tsufana. Je ka dawo min da 'yata."

Ya same ta a cikin motar mijinta, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Ba kuka take ba. Lemo take ɓarewa, a hankali, kamar tana cire wa wani fata. Tela ya ga surukinsa ya taho, sai ya tuna yana da abin dubawa a tayar baya.

"Auta, ban yi nufin..."

"Na sani. Da ka yi nufi ai da sauƙi, sai in rama."

Ya tsaya yana juya guntun alli a hannu. Ya nemi abin faɗa, duk abin da ya zo masa da lamba a ciki, ya haɗiye.

"Mutane za su tafi," ya ce. "Inna tana jira."

"Mai hoton ya gudu ko?"

"Ya tafi."

Ta goge hannu, ta zaro wayarta daga jaka ta miƙa masa. "Riƙe. Tawa ta fi taka ɗaukar hoto. Kai za ka ɗauka."

"Ni? Ai ina ciki. A kira mai gadi."

"Mai gadi ya tafi cin abinci, kuma hannunsa rawa yake."

"To a jingina ta a kan kujera. Irin wannan wayar ana saita ta, ta jira mutum ya ruga ya shiga, sannan ta ɗauka da kanta."

"Na sani. Ni na saye ta." Ta jefa ɓawon lemo a leda. "Ko ka ɗauka da hannunka, ko in zauna a nan in ƙarasa lemona. Zaɓi ɗaya, Yaya. Kai ne babba."

Ya waiwaya. Daga nan yana hango Inna a kan kujera, ƙarama, hannu a goshi tana kallon inda take zaton ƙofa take. Wata mota ta riga ta tayar da inji.

Ya karɓi wayar.

Abin da ya fi ba shi haushi, kuma har yau bai huce ba, shi ne saurin da abin ya yi. Ba wanda ya ba da umarni. Direba ya ce, "Jama'a, matakala!" sai kowa ya nufi inuwa. Dogaye suka hau sama, gajeru suka tsaya ƙasa, gwaggo ta sami hawan da babu ɗaya gwaggon, manyan yara suka zauna da ƙananan a cinya. Hawa tara, mutum goma-goma in an ƙirga da na hannu, ba giɓi, ba cunkoso. Casa'in lamba ce mai saukin kai, wadda kusan duk wanda ya zo raba ta sai ta yarda. Mutum ɗaya kawai aka cire, dangi suka zauna lafiya.

An sa kujerar Inna a hawan ƙasa, Auta a gefenta da hannu a kafaɗarta. Goma cika ce, ba ta da tsakiya, don haka Inna ta ɗan karkata hagu, mutum huɗu ta nan, biyar ta can. Malam ya gani. Ya ji abin har cikin haƙoransa. Ya ja da baya, ya taka ragowar ɗige-ɗigensa, ya ɗaga wayar.

"Na hawa na uku, in da za ku ɗan matsa..."

"Yaya!" in ji murya fiye da goma.

"To. Ku yi murmushi."

Ya danna.

Da hoton ya fito daga wurin wanki, babba, cikin gilashi, shi ya kai wa Inna da kansa. Ya same ta a ɗakinta a gidan Auta, kusa da taga. Ta ɗora hoton a cinya, ta kai fuskarta har hancinta na kusa taɓa gilashin, ta bi hawa-hawa da yatsa. Tana kiran kowa, tana tsayawa. Ta ce wannan ya rame, wannan ta yi ƙiba, wannan kunnen kakansa ya ɗauko, Allah ya sawwaƙe masa. Ba ta ɓata ko ɗaya ba. Ta daɗe.

Malam ya yi gyaran murya. "Na yi magana da masu wankin. Sun ce a na'ura za su iya yanko ni daga wani hoton su liƙa a gefe. Ba wanda zai gane."

"A liƙa ka a ina?"

"Nan, ta hagu. Sai ma ki dawo tsakiya daidai, biyar da biyar."

"Bar min hotona yadda yake."

"Inna, kin ce kowa da kowa. Ni ba na ciki."

"Wa ya ce?" Ta turo masa hoton. "Ni da ido ya ƙare na gani, kai da tabarau biyu ba ka gani ba? Dubi fuskokinsu."

Ya duba. Ya ƙirga hoton nan sau da yawa tun a shago, amma kawuna ya ƙirga. Yanzu ya ga idanu. Daga hawan sama har ƙasa, surukai da jikoki, Direba da gwaggonni biyu da suka shekara ba su yarda da juna a kan komai ba, har matarsa, har wani jariri a hannun uwarsa, duk sun zuba wa wuri ɗaya harara iri ɗaya. Mutum guda ce kawai ke murmushi, a kan kujera, ta ɗan karkata hagu.

"Duk wanda ya kalli wannan ya san kana wurin," in ji Inna. "Wa kuma za su yi wa wannan kallon?"

Ta karɓe hoton ta mayar cinyarta. Malam ya zauna a bakin gado. Can ya tuna cewa lambobi goma sha biyu ne ke raba casa'in ba ragowa, kuma a ganinsa Inna za ta so ta sani. Ya buɗe baki.

Auta ta shigo da kwalbar maganin ido. Ta dube shi, irin kallon da ta yi a hoton, hawan ƙasa, ta biyar daga dama.

Ya rufe bakin, ya miƙa hannu ya riƙe wa Inna tabarau.